Agogon da Ya Ce Baba Bai Cika Ba

Na gode wa Allah da ya bar mana Baba da ransa. Da wannan nake farawa don kada wani ya karanta abin da ke ƙasa ya ce ban yarda da ƙaddara ba. Na yarda da ita, amma yardar ba ta hana ni jin haushi ba, kuma yau wata biyar ke nan haushin bai sauka ba. 'Yan uwa sun ce in yi shiru tunda abu ya riga ya wuce. Ba zan yi ba, domin a garinmu kaɗai na san gida huɗu da ke da mai ciwon suga, kuma 'ya'yansu na birni sun fara aiko musu da irin agogon da aka ɗaura wa mahaifina.

Sunana Zulai, ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, tsakanin Ɗambatta da Bici. Gida uku ne tsakanin gidan aurena da gidan iyayena, shi ya sa duk wata jinya ta gidanmu a kaina take sauka. Yayanmu Kabiru, wanda shi ne ɗan fari, yana aikin ofis a Kano. Sauran ƙannenmu sun watsu, sai dai mu haɗu a guruf ɗin gida da ke cikin waya.

Mahaifinmu kuwa, Malam Idi mai igiya ake ce masa. Shekara arba'in in za a raba gonar gado, ko maƙwabta sun yi rikicin iyaka, shi dagaci yake aika wa. Yana da igiyar rama mai ƙulli-ƙulli, ya auna da ita, sannan ya bi da taku. Inda ya dangwala sandarsa ya ce nan ne, nan ake dasa ciyawar gamba a matsayin iyaka, magana ta ƙare. A wurin da gona ke manne da gona, kowa yana ƙirga kunyoyinsa kamar 'ya'yansa, ba ƙaramin abu ba ne a ce mutum ya yi shekara arba'in ba a taɓa mayar masa da awo ba. Ku riƙe wannan, domin ba don shi ba da abin da ya faru bai faru ba.

Ciwon ya bayyana da bazara. Ƙishirwa ba dare ba rana, yawan zagayawa, ga rama, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ce wa Inna tafin ƙafarsa kamar auduga yake takawa. Yaya ya zo ya ɗauke mu zuwa Kano, muka yi layi tun hantsi har bayan la'asar kafin mu ga likita. Likitan bai ɓata lokaci ba. Ya ce suga ne, kuma ya daɗe a jiki. Ya rubuta magani, ya ce a rage tuwo a daina zuba sukari a koko, ya ce Baba ya riƙa tafiya ta rabin awa kullum, kamar kilomita biyu, da takalmi mai rufi. Sannan ya dube ni ya ce, “Ƙafar mai suga ba ta faɗa in ta ji ciwo. Ku ne za ku duba mata, kullum.”

Mu biyu muka ji wannan magana, ni da Yaya. Shi ya ciro wayarsa ya rubuta kilomita biyu. Ni na gyaɗa kai.

Damina ta yi nisa lokacin da Yaya ya dawo da kaya a leda: baƙin agogo mai maɗaurin roba, wata waya da ya daina amfani da ita, da fararen takalman kambas. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani kamar 'yar aji ɗaya. Agogon shi kaɗai bai san inda mutum yake ba, sai ya tambayi waya, ita kuma ta tambayi taurarin ɗan'adam, abin da suke kira GPS. Don haka dole wayar ta kasance a aljihun Baba duk inda ya taka. Aikina shi ne in danna masa in zai fita, in ya dawo in ɗauki hoton abin da ya nuna in tura guruf. Yaya ya ce ta haka duk za mu sa ido a kan lafiyar Baba, kowa daga inda yake. Sa ido daga Kano, a ƙarƙashin fanka.

Kwana uku na farko Baba ya bi hanyar mota, ya miƙe har gadar rafi ya dawo, agogo ya nuna biyu da 'yan kai, kowa ya ji daɗi. Amma wanda ya tsara wannan agogo bai san garinmu ba. A nan dattijo ba ya tafiya ba dalili. Duk wanda ya gamu da shi sai ya tsaya ya ce, Malam lafiya, ina zuwa haka? 'Yan acaɓa suna cin birki suna roƙon ya hau. Wata tsohuwa ta aiko a tambaya ko rasuwa aka yi. A rana ta uku wani mutum ya yi sallama da Inna, fuska a murtuke, yana so ya ji ko ƙaninsa ne ya ɗauko Malam a ɓoye ya duba masa iyaka, don an ga ya wuce ta gefen gonarsu sau biyu. Ranar Baba ya ce shi ba mahaukaci ba ne da zai riƙa gantali a titi yana haɗa mutane faɗa.

Sai ya koma gonarsa ta bayan gida. Dawa ta wuce kan mutum, in ya shiga ba mai ganinsa. Ya tambaye ni mita nawa ne a kilomita, na faɗa masa. Ya ce igiyarsa mita talatin ce, ya taɓa gwada ta da tef ɗin ma'aikatan ƙasa, kuma tsawon gonar igiya uku ne cif. Ya lumshe ido kaɗan ya ce zuwa da dawowa sha ɗaya ke nan. Zai bi kwarin kunya ya je ƙarshe, ya tsallaka na gaba ya dawo, duk zagaye ɗaya ya ja ƙwayar carbi ɗaya.

A wannan makon ne kuma na yi wani ɗan abu da ban ɗauke shi komai ba. Ba mu da wuta, caji sai an kai shagon mai sola a bakin kasuwa, tsohuwar wayar nan kuwa kafin azahar ta mutu. Sai na danna mata abin tattalin batir, kamar yadda nake yi wa tawa. Ta koma kwana biyu ba caji, har na yaba wa kaina.

Ranar farko a gona Baba ya yi sha ɗayansa ya dawo. Na duba agogo, bai ko kai kilomita ɗaya ba. Na tura hoton kamar yadda aka umarce ni. Ba a yi minti biyar ba Yaya ya rubuta a ƙasa: Baba yau bai cika ba, a ƙara ƙoƙari. Ƙannenmu suka biyo baya, wannan ya ce Baba daure, waccan ta ce don lafiyarka ne. Kashegari haka, jibi haka. Kullum kalma ɗaya, bai cika ba, bai cika ba, kamar ana kiran sunan yaron da bai yi aikin gida ba.

A rana ta huɗu na kira Yaya daga zaure, na ce masa Baba ya ce ya auna, ya cika. Wayata a sifika take domin abin jin maganarta ya lalace, Baba kuma yana zaune a kan buzunsa, taku biyu daga ni. Yaya ya yi dariya.

“Zulai, ke fa malama ce. Na'ura ba ta ƙarya, kuma ba ta jin nauyin kowa. Kin san halin tsofaffi, zai sami inuwa ya zauna ya ce ya yi.”

Na yi sauri na kashe, amma magana ta riga ta fita. Baba bai ɗago ba. Kun san yadda iyayenmu suke da ɗan fari. Tunda nake ban taɓa jin Baba ya ambaci sunan Yaya ba, sai dai ya ce yayanku, kuma bai taɓa zama ya yi musu da shi baki da baki ba. Da ni ce na faɗi haka, da ya wanke ni tas a wurin, an wuce. Amma ga ɗan fari ba shi da bakin mayarwa. Ya daɗe yana murza carbi, sannan ya tambaye ni nawa agogon yake so. Na ce biyu. Ya ce to.

A mako na biyu, zagaye sha ɗaya ya koma ashirin. Mako na uku ya kai talatin da uku, kashi ɗaya na carbi cif, a ranar ne agogo ya yi rawa a hannunsa ya nuna biyu. Guruf ya cika da yabo. Yaya ya rubuta, kun gani, da ma in an sa ido ana yi. Daga nan Baba ya tsaya a talatin da uku. Yana shan koko ya shiga dawa da raɓa, ba ya fitowa sai rana ta kusa tsaka, wando jiƙe har gwiwa, kambas sun koma kalar taɓo.

Nan ne nake jin kamar in mari kaina. A kan hoton da nake turawa kullum, a gefen kilomita, akwai lokaci a rubuce. Awa biyu da rabi. Likita ya ce rabin awa. Ni da nake koyar da lissafi a aji biyar, na ga awa biyu da rabi a gefen kilomita biyu har kwana goma sha, ban tsaya na ce wannan ba daidai ba ne. Mu bakwai ne a guruf ɗin nan, har da mai digiri biyu, ba wanda ya duba. Idonmu duka yana kan lamba ɗaya.

Kuma ba wanda ya duba ƙafa. Na tuna maganar likita sau da yawa, ba zan yi ƙarya ba. Amma yaya 'ya mace za ta ce wa mahaifinta cire takalmi in gani? Nauyi ya hana ni. Na ce wa Inna ta riƙa dubawa, ita kuma ta tambaye shi, ya ce lafiya ƙalau, ta bar shi.

A mako na huɗu Inna ta lura Baba ya koma yin alwala a bayan rumbu, kuma shi yake wanke safarsa da kansa, mutumin da bai taɓa wanke hula ba. Sannan ta ga ƙudaje suna bin takalmin dama. Ta jira ya kishingiɗa bayan azahar, ta aika aka kira ni daga makaranta, ta zare safar a gabana. A ƙarƙashin babban yatsa akwai rami da zai ɗauki ƙwayar gurjiya, gefensa fari fat kamar an jiƙa, yana fitar da ruwa mai wari. Kambas ɗin sun yi masa kaɗan, sun kwana jiƙe sun wuni jiƙe, sun yi ta gurzar wuri ɗaya, shi kuma ba ya ji.

Ya farka ya same mu a kansa. Ya ce ya fi kwana goma da gani. Na tambaye shi don me bai faɗa ba, don me bai tsaya ba.

Ya ce, “In na tsaya, za a ce dalili na nema.”

Mako na biyar na kai shi asibitin da ke kusa da mu a bayan acaɓa. Muka yi layin kati, muka yi layin ganin ma'aikaci, aka wanke ciwon aka naɗe, aka ba mu ƙwayoyi, aka ce mu riƙa dawowa duk bayan kwana biyu. Ba wanda ya auna sugansa sai da na yi magana, da na yi kuma aka ce abin awon ba shi da tsinken gwaji, in je kemis in sayo. Ina kan wannan Yaya ya kira, ya ce a ci gaba da wankin, zai shigo ƙarshen mako. Kafin ya ajiye sai ya ce ya ga kwana biyu ba a turo hoto ba. Ban san lokacin da na kashe wayar ba.

A gida kuma sai ga Gwaggo Hanne, yayar Baba, ta iso da ƙullin kayanta. Ita ba ta yarda da suga ba, balle takalmi. Ta ce mutumin da ya yi shekara arba'in yana raba wa mutane gona, wani ai bai ji daɗin rabonsa ba, ajiyar sammu aka yi masa a cikin kunya ya taka. Irin wannan kuwa, in ji ta, in allura ta taɓa shi sai ya haukace. Da na tafi makaranta sai ta kwance bandeji ta barbaɗa garin bagaruwa, ta shafa zuma, ta turara hayaƙi. Na dawo na gani na yi faɗa, ta ce ita ta goya ubana tun ban san za a haife ni ba. Maƙwabta suna shigowa dubiya kowa da nasa, mai ganye, mai rubutu, mai sunan wani wanzami a Shanono. Baba ba ya iya ce wa yayarsa a'a. Ni ina naɗewa da safe, ita tana kwancewa da hantsi, haka muka yi ta yi da ƙafar bawan Allah har kwana goma sha biyu. Na san ƙauna ce ta sa ta, amma har yau gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ƙarshen mako na shida yatsan ya yi baƙi, na kusa da shi ya bi, ƙafar ta kumbura har idon sawu. Zazzaɓi ya rufe shi yana karkarwa yana kiran sunayen gonakin mutane. Yaya da ya ce ƙarshen mako, sai a lokacin aiki ya sake shi. Da ya shigo ɗakin warin ya buge shi, na ga fuskarsa ta canza, ya sunkuci Baba ya sa a mota.

A babban asibiti a Kano mun kwana biyu a baranda kafin a sami gado. Je ka yanki kati, je ka yi gwaji, wannan ba mu da shi sai a waje, mai sa hannu ya fita, a dawo gobe. Ba zan lissafa abin da ya tafi ba, ragunan Inna dai ba su ga Sallah ba. A mako na bakwai aka cire yatsu biyu, aka ce a jira a gani. Muka jira. Baƙin ya ci gaba da hawa. A mako na takwas likitan tiyata ya kira mu gefe ya ce sai an yanke ƙafar ƙasa da gwiwa, ko kuma mu rasa shi gaba ɗaya, kuma ba a da kwanaki da yawa na shawara.

Baba ne ya fi mu natsuwa. Abu ɗaya ya roƙa, kada a jefar da ƙafar, a kai ta gida a binne. Yaya ne ya sa hannu a takarda, shi ya ba da jini, shi kuma ya karɓo ta a naɗe cikin farin ƙyalle ya sa a bayan motarsa ya kai maƙabartar garinmu. Wannan ba zan hana shi ba. Ya yi mako uku yana kwana a kan benci, ya rame har ya fi marar lafiyan. Ina gode wa maƙwabtanmu da suka yi gayya suka girbe dawar ba wanda ya roƙe su. Ina kuma gode wa wata nas da ba zan faɗi sunanta ba, wadda take wanke dungulmin kamar na ubanta, tana ce masa Baba sannu kafin ta taɓa da bayan ta gama.

Ita ce ma ta warware mini abin. Zaman jinya dogo ne, wata rana da yamma ina zaune ina buɗe tsofaffin hotunan wayar Baba don rashin abin yi. Ta zo wucewa ta leƙa, ashe ita ma tana ɗaura irin agogon. Ta karɓa ta buɗe taswirar tafiyarsa, abin da ban taɓa sanin akwai shi ba. Na kwana ukun farko layi ne miƙaƙƙe a kan titi. Na gona kuwa wasu 'yan layuka ne a karkace suna yanka kunyoyi ta tsakiya, kamar zanen yaron da aka ba alli yau.

Ta ce waya ba ta bin mutum taku-taku. Leƙowa take yi lokaci-lokaci ta ga inda yake, ta ɗiga alama, sannan ta ja layi daga wannan alama zuwa waccan ta auna. In a miƙaƙƙiyar hanya ne ba a asarar komai sosai. Amma mai kai da komo a gajeren wuri, tana iya ganinsa a tsakiyar gona, kafin ta sake leƙowa ya je ƙarshe ya dawo tsakiya, sai ta ɗauka bai motsa ba. Ga zurfin aljihu, ga dawa ta rufe sama. Na ce to ai agogon yana ƙirga taku. Ta tambaye ni yadda Baba yake tafiya. Hannu a baya yake tafiya, ɗaya riƙe da ɗaya, da carbi, kamar kowane dattijo. Ta ce agogo da lilon hannu yake gane taku. Sannan ta shiga wani wuri a wayar ta tsaya. Ta ce abin da ya fi ɓata lissafin shi ne wannan, an sa ta a tattalin batir, shi ke sa ta daɗe ba ta leƙo ba. Ta tambaya wa ya kunna.

Na ce ni ce. Na fita bayan ɗakin na tsuguna kusa da famfo na yi kuka har aka kira magariba. Wata biyu ina tara wa Yaya magana a cikina, ashe da yatsana a ciki.

Amma sanin nawa laifin bai goge nasa ba. Ni na danna abin da ban sani ba. Shi an gaya masa Baba ya ce ya cika, ya zaɓi ya gaskata roba da batir a kan mutumin da gari guda yake rantsuwa da awonsa.

Mun dawo gida bayan an kwashe amfani, gona ta yi fili, kunyoyi a bayyane. Ranar Asabar da Yaya ya zo na ce masa ina so ya ɗaura agogon ya shiga gonar. Ya ce meye amfanin tone-tone, abin da ya faru ya faru. Na ce in bai shiga ba, kada ya ƙara kirana a kan wata jinya ta gidan nan. Baba yana ji daga zaure. Sai ya ce a ɗauko masa igiyarsa, a kuma kai shi bakin gona.

Muka ɗora shi a amalanke muka tura, muka zaunar da shi a kujera a ƙarƙashin ɗorawa. Yaya ya kawo tef daga mota ya gwada igiyar, talatin cif. Muka ja ta ni da shi daga wannan iyaka zuwa waccan, sau uku, ƙullin ƙarshe ya sauka daidai kan gamba. Na sa wa Yaya wayar a aljihu yadda take a tattalin batir, na ce ya mayar da hannu baya. Ya fara tafiya, Baba yana jan carbi.

A zagaye na sha ɗaya Baba ya ɗaga hannu. Yaya ya tsaya ya duba agogo, ya daɗe yana dubawa. Na tambaye shi nawa. Ya ce bai kai ɗaya ba. Na ce to ai ba ka cika ba, a ƙara ƙoƙari. Na san baƙar magana ce, kuma da gangan na faɗe ta.

Ya ci gaba. Ba raɓa, ba taɓo, ba suga a jininsa, shekarunsa arba'in da biyar. A na sha tara ya zauna a kan kunya ya cire takalmi, bororo ya tashi a diddigensa, ya kuma ji shi tun yana tasowa. Ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa. Ban je wurinsa ba. A ranar ba ni da tausayin da zan ba shi.

Da ya taso ya zo ya durƙusa a gaban kujerar, ya fara cewa Baba ka yafe mini. Baba bai dube shi ba, ni ya duba, ko da yake ga mutumin nan a gabansa har gwiwarsa tana taɓa amalanke.

“Zulai, ce wa yayanki ƙafa ta Allah ce, ya karɓi abarsa, na yafe. Amma inda ya rubuta ban cika ba, ya koma can ya rubuta na cika.”

A durƙushen Yaya ya ciro waya ya rubuta a guruf cewa Baba ya cika tun ranar farko, daga baya ma ninki uku yake yi, agogo ne bai iya awo ba. Baba ya sa na karanta masa, ya ce in sake, na sake. Sannan ya naɗe igiyarsa a gwiwar hannu yadda ya saba, ya miƙa mini ya ce a rataye, a mayar da shi gida.

Ga wanda ke da tsoho mai wannan ciwo, ban ce kada ku sayi agogo ba, ku saya in kuna da hali. Amma ku gwada shi a inda za a yi tafiyar, da ƙafarku, kafin ku ɗaura wa wani. Ku dubi lokaci, ba nisa kawai ba. In tsohonku ya ce ya yi, na'ura ta ce bai yi ba, ku taso ku zo ku gani da idonku kafin ku rubuta komai a inda ƙannenku za su karanta. In ciwo ya fito, kada ku bar kowa ya kwance abin da asibiti ya naɗe, ko da ita ta goya shi.

Agogon yana cikin kwallar Inna, kambas na hagu ma na jefar tare da ɗan'uwansa. Yanzu kullum da safe kafin in wuce makaranta ina biyawa ta zaure. Na daina jin nauyi, shi ma ya daina musu, da ya ji sallamata yake miƙo ƙafar da ta rage. In duba tafin, in duba diddige, in buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, in goge in shafa mai. Na taɓa duba lokaci don in san nawa abin yake ci. Bai kai minti biyu ba.